Wutar da Aka Sace wa Gwamma

Ga ta nan ta taho muku daga bakin kogi, mai kunne ya gyara zama.

A Tungar Dambo, wani ƙauyen masunta da ke kan gaɓar babban kogi, an yi wata tsohuwa mai bandar kifi, sunanta Gwamma. Ba ɗa, ba jika, miji ya daɗe a ƙasa. Abin da ta mallaka a duniya guda ne, wutar murhunta. Wajen uwarta ta gaje ta, ita ma uwar wajen tata uwar, kuma tun ranar da aka fara kunna wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba. In za a kwanta a binne ta da toka, da asuba a tone a hura. Ko shekarar da ruwa ya ci gari, a kasko aka ɗauke ta a ka aka hau tudu da ita. Kifin da ya sha hayaƙinta yakan ga wata damina bai yi tsutsa ba. Kowace safiya matan tunga suna hanyar gidan da tsingaro a hannu, kowacce ta ɗebi garwashi guda ta wuce, don ba a hana wuta, ko da jiya kun zagi iyayen juna.

Ran nan rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Gwamma na tsugune tana gyaran tarwaɗa, sai ta ji sallama. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa, rigarsa jiƙe sharkaf, alhali rabon garin da ruwan sama an kwana biyu.

Ya ce, "Uwar gida, baƙo ne daga nesa, wuta yake roƙo."

Ta ce, "Ga murhu can. Kada ka tattake mini kifi."

Mutumin nan bai zo da tsingaro ba. Ya durƙusa gaban murhu, ya yi wa wutar raɗa kamar mai lallashin yaro. Sai wuta ta miƙe tsaye, harshenta da garwashinta da ɗumin da ke jikin duwatsu, ta shige hannun rigarsa. Kafin Gwamma ta yar da wuƙa ta juyo, babu shi babu dalilinsa. Ta taɓa duwatsun murhu, ta ji su sanyi ƙalau kamar yanzu aka tsamo su daga kogi.

Da safe, a karo na farko a rayuwarta, Gwamma ta ɗauki tsingaro ta shiga gidan maƙwabciyarta Lantana. Ta ɗebo garwashi ja zur. Tana tsallake dokin ƙofarta ya zama gawayi, can kuma gidan Lantana ita ma tata wutar ta mutu murus. Ta gwada wani gida, haka. Ta nemo ƙyastu ta ƙyasta har yatsunta suka fashe, ko tartsatsi. Shi ke nan fa, mutanen da suka ƙoshi da garwashinta tun suna amare suka shiga rufe ƙofa in sun hango ta. Lantana ce ta fara cewa ai mayya ce, ta cinye wutarta ne, yanzu ta waiwayo ta mutane. Kifi ya ruɓe a hannunta, masunta suka daina kawo mata. Ta koma jiƙa gari da ruwan sanyi, gwiwoyinta suka sandare, damina ta zo ta wuce ba abin da ya shiga cikinta mai ɗumi.

Ta kai ƙara wajen Sarkin Ruwa Gado. Ya zo ya duba sawun baƙon, wanda har ranar bai bushe ba. Ya dangwali ƙasar wurin ya lasa, ya tofar.

Ya ce, "Gishiri ne, Gwamma. Mutumin teku ne wannan, in ma mutum ne. Kakana yakan ce inda kogin nan ya ƙare akwai wani tsinin dutse da ya kutsa cikin teku, ana ce masa Hancin Ƙasa, a kansa akwai tsohuwar hasumiya mai fitila. Wannan ba shari'ata ba ce. Ki yi haƙuri."

"Haƙuri? Ranka ya daɗe, da haƙurin zan tuƙa tuwo? An shigo har gida an yi mini sata, an mai da ni mayya, kai kuma kana lasar ƙasa kana ba ni labarin kakanka!"

"Ba wanda ya je can ya dawo."

"To ka ga an samu wadda ba mai kukan rashinta."

Ta jawo kwalekwalen mijinta daga cikin ciyawa, ta toshe ɓarakarsa da tsumma, ta ɗauki filafilinsa, da ƙullin gari, da kaskon nan na uwarta, ta tura jirgi ta bi ruwa.

Ta wuce garuruwan da ta sani, ta wuce waɗanda sai dai ta ji sunansu, ta shiga inda ba gari. Tana tafe tana faɗa ita kaɗai, tana shirya abin da za ta gaya wa ɓarawon. Can sai kogi ya yi shiru, ruwa ya zama baƙi wuluk, jirgi ya tsaya cak. Wata ayu ta taso, girmanta ya kai rumbu, da awarwaron azurfa a hannuwanta, idanunta kamar na tsohuwar da ta ga jiya ta ga yau.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam mai tafiya a jirgin mamaci, wannan gurbi nawa ne. Ba a ƙetare shi sai an bar mini abin da ya fi komai nauyi a jirgi."

Gwamma ta ce, "Duba da idonki, uwar ruwa. Gari ne da kasko. In garin kike so, bisimilla, ni ma ya ishe ni."

"Jirginki ya nutse har baki, kuma ba kaya a cikinsa. Fushin da ke ƙirjinki nake nufi. Sauke shi a nan, ki ji yadda ake yin sakayau."

Gwamma ta leƙa ƙarƙashin ruwa. Sai ga wasu baƙaƙen duwatsu jibge a ƙasa, kowanne na huci a hankali, fushin mutanen da suka riga ta zuwa ke nan. A gefe kuma ga jirage suna komawa sama su kaɗai ba mai tuƙi, mutanen ciki suna kwance suna murmushi, sun manta abin da ya fito da su.

Ta ce, "In na ba ki shi, me zan ce wa ɓarawon in na same shi? Sannu da aiki? Da shi na zo, da shi zan wuce. In kifar da jirgin za ki yi, kifar, in biyo ki har ƙasa ki ji abin da bai ji ba."

Ayu ta yi dariya har ruwa ya yi ta ɓulɓula. Ta ce, "Sarakuna sun sauke nasu a nan, da waɗanda aka kashe wa uba. Wuce, 'yar Adam. Ba na so ki zama maƙwabciyata."

Daga nan kogi ya buɗe, ya yi faɗi har gaɓa ta ɓace. Ganyen bado kowanne ya kai tabarma, furanninsa na buɗewa suna rufewa kamar masu numfashi. Sama ta yi launin zuma, rana ta tsaya wuri guda, ba ta hawa ba ta sauka. Jirgi ya kai ta wani tsibiri mai inuwa, inda mutane ke kwance ƙarƙashin itatuwa suna barci. Ciyawa ta tsiro ta cikin rigunansu, balbelu sun yi sheƙa a gashin wata mata, ita kuwa sai minshari take a hankali. A tsakiyar tsibirin akwai rumfa, a cikinta wata mace tana dama kunu, tururi na tashi.

Macen ta ɗago kai. Fuskar uwar Gwamma ce, har da tsagar da ke kumatunta da haƙorin nan da ya karye.

Ta ce, "Auta, kin sha hanya. Dubi yadda sanyi ya cinye ki. Zo ki zauna."

Ƙafafun Gwamma suka kai ta da kansu. Ta zauna, aka miƙo mata ƙwarya cike da kunun tsamiya, ƙamshinsa ya daki hancinta, hawaye suka zubo mata. Ta kai ƙwaryar bakinta. Sai idonta ya faɗa kan tukunyar. Ga duwatsu, ga tukunya a kai, amma ba toka a ƙasa, gindin tukunyar kuma fes kamar yau aka saye ta.

Ta ce, "Inna, ina wutarki?"

"Sha mana, Auta, kada ya huce."

"Uwata ba ta taɓa yin girki gindin tukunya ya fita fari ba. Tafin hannunta ma har ta mutu baƙi ne." Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta yi niyyar zagi, zagin ya ƙi fitowa. Ta ce, "Fuskar dai kin yi ƙoƙari. Tsaya haka, kada ki motsa, in ƙara kallo kaɗan."

Ta kalla har ta ƙoshi, ta goge ido da gefen zane, ta koma jirgi ba ta waiwaya ba.

Sai ta shiga dajin da itatuwansa ke tsaye kan dogayen ƙafafu a cikin ruwa. In ta nufi wata hanya, sai su ɗaga ƙafa su taka su rufe ta, su buɗe wata. Ta yi ta zagaye har garinta ya ƙare. Ta zage su, ta zagi wanda ya shuka su, suka yi kamar ba da su take ba. Da ta gaji ta ajiye filafili ta rufe ido, sai iska ta kawo mata wani ƙamshi siriri, ɗan hayaƙi mai haɗe da man kifi da tsohuwar toka. Ko cikin hayaƙin duniya duka ta san nata. Ba ta sake buɗe ido ba, ta yi ta tuƙi tana bin hancinta, tana jin itatuwa na matsawa suna gunaguni, har ruwan da ke fantsar mata a leɓe ya koma gishiri.

Ta buɗe ido ta ga ruwan da ba shi da ƙetare. Ga Hancin Ƙasa, baƙin dutse dogo ya miƙe cikin teku, raƙuman ruwa suna dukansa suna farfashewa. Wani farin tururi ya lulluɓe wurin, har rana tsaka ta zama kamar bayan la'asar sakaliya. A gindin dutsen haƙarƙarin jirage ne birjik, manya da ƙanana, tsuntsaye na zaune a kansu. A can ƙarshe hasumiya ce fara, ta tsufa, jikinta duk ya ɓaɓɓare, kanta ya shige gajimare. Daga saman wani haske ke fitowa yana zagayawa a hankali, kamar hannun uwa mai laluben 'ya'yanta a ɗaki.

Ta ɗaure jirgi, ta ɗora kasko a ka, ta dogara filafili ta hau. Ƙofar ƙarfe ce, tsatsa ta cinye ta, ta ture ta da ƙafa. Matakala ta nannaɗe ta yi sama kamar dodon koɗi. A kan matakalar wasu inuwoyi ne zazzaune, wani da rawani, wani da hular da ba ta taɓa ganin irinta ba, wani fari, wani baƙi, har da wata mace mai tulun mai a kafaɗa. Waɗanda suka yi tsaron fitilar ne tun zamanin da, sun mutu amma sun kasa tafiya. Kowanne ya gaishe ta da yaren da ba mai jinsa yanzu, ya janye ƙafa ya ba ta hanya.

Ta ce, "Yauwa, sannunku. Ba da ku nake ba."

A ɗakin ƙoli bango duk gilashi ne, madubai sun kewaye wata tasa suna juyawa. Ga dogon baƙon nan da ya kwashe mata wuta zaune, amma yanzu da kamanninsa na gaskiya. Ya naɗe jikinsa don ɗakin ya ɗauke shi, duk da haka kansa na gogar rufi. Gemunsa cike da wuri da ciyawar teku, idanunsa shuɗin harshen wuta ne marar hayaƙi.

Ya ce, "Aminci ya tabbata gare ki, ya uwar gida. Ni ne Zarƙamu, aljanin wannan dutse. Na ji tahowarki tun kina dajin ƙafafu."

"Ai dole ka ji. Riƙe amincinka, ɓarawo. Ina wutata?"

Ya nuna tasar. Gwamma ta leƙa. Wutar da take cin gungume guda a wuni ta koma ɗan garwashi kamar ƙwan kurciya, da harshe siriri yana rawar sanyi. Madubai ne kawai ke ƙara mata girma.

"Innalillahi! Dubi yadda ka ramar mini da ita! Me kake ba ta?"

"Turaren ambar, da itacen sandal, da man da sarakunan ƙarƙashin teku ke shafawa."

"Amarya ce? Wutar banda ce, sakarai, itace take ci!"

Zarƙamu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki saurare ni, sannan ki yanke hukunci. Mutanen da suka gina hasumiyar nan har yarensu ya mutu. Masu tsaro suka yi ta gadon juna, har aka zo kan na ƙarshe, wani tsoho abokin darata. Bai bar magaji ba. Da zai cika ya kama hannuna ya ce kada in bar teku cikin duhu. Yana rufe ido fitilar ta bi shi. Na kunna mata tawa wutar, amma idon ɗan Adam ba ya ganin wutar aljan. Kin ga haƙarƙarin da ke ƙasa. Na zaga duniya ina neman wutar da hannun mutane ya rena, wadda ba ta taɓa mutuwa ba, don ita kaɗai ke iya huda wannan tururi. Ban samu ba sai a murhunki."

"Ka roƙa, na ce ga murhu. Wa ya ce ka kwashe duka? Garwashi guda ake ɗiba, ko jaririn goye ya san wannan!"

Jikin aljanin ya yi rawa har gilasai suka yi ƙara. Ya ce, "Daga wuta aka halicce mu, ya uwar gida. A wurinmu rai guda ce. Wanda aka ba shi riƙon ɗa, ba ya yanke hannun ɗan ya tafi da shi ya bar sauran. Na ga matanku suna gutsurarta kowace safiya, na kau da kai, na ce 'yan Adam ba su da tausayi. Ni na ɗauko ta cikakkiya, har saiwarta, don kada ta ji zafi."

"Har saiwarta! Shi ya sa duk wutar da ta shiga gidana take faɗawa rami. Ka san abin da ake kirana a garinmu? Ka san rabona da abu mai ɗumi? Kai ka cika wa abokinka alkawari da kayan wata, ni kuma ka bar ni ina jiƙa gari kamar kaza!"

"Ban sani ba. Amma dokar wannan dutse ita ce, mai abu in ya zo da ƙafarsa ba a hana shi abinsa. Ga ta nan. Ba zan tare ki ba."

Gwamma ba ta jira ya sake faɗa ba. Ta kara kasko, wutar ta gangaro ciki da kanta kamar 'yar da ta ga uwarta. Ɗumi ya ratsa tafin hannunta ya hau har kafaɗa. Ta rungume kaskon a ƙirji ta kama matakala.

Hasken da ke zagaye ya ɗauke. Tururin nan ya matso ya manne da tagogi. Inuwoyin da ke kan matakala suka rufe fuskokinsu. Ta sauka, ta sauka, har ta zo daidai wata 'yar taga, sai iska ta shigo da muryoyi daga teku. Maza ne ke kiran juna, wani na kiran sunan Allah, wata mace na ƙwala wa wani kira ba ya amsawa. Ba ta jin yarensu, amma ta zauna da masunta tsawon rayuwarta, ta san kukan mutumin da ya rasa inda gaɓa take. Bayan muryoyin kuma ga rurin ruwa a kan dutse, yana jira.

Ta tsaya. Ta ce, "Ba ruwana. Ni na aike su?" Ta ƙara taka matakala guda. Macen nan ta sake kira.

"Kai, Allah ya isa! Allah ya isa tsakanina da kai, Zarƙamu!"

Ta juya ta hau, gwiwoyi na ƙara, tana haki tana tsinuwa har ƙoli. Ta jefa wa aljanin filafilin mijinta.

"Karya shi. Ƙanana-ƙanana. Ya sha man kifi tun kafin a yi wasu garuruwan, shi za ta ci."

Ya murƙushe shi da yatsu biyu. Ta jera rabi a tasa, rabi a kasko. Sannan ta kai hannu ga garwashin.

Zarƙamu ya ce, "Me za ki yi? Ina roƙonki da girman wanda ya halicce mu, kada ki yanka ta a gabana! Ta yi rauni, za ta mutu!"

"In ba ka iya gani, rufe ido."

Da yatsunta tsirara ta kama garwashin ta ɓare shi biyu. Aljanin ya yi wata ƙara da ta tayar da tsuntsayen dutsen gaba ɗaya. Ta sa babban ɓarin a tasa, ƙaramin a kasko. Harshen wuta ya ɓace. Duka biyun suka yi duhu, sai ɗan ja kamar idon ƙuda a tsakiyar kowanne.

Ta durƙusa ta hura. Ta hura wannan, ta juya ta hura wancan. Numfashin tsohuwa ne da ta sha yunwa, ba ya kai ko'ina. Kanta ya fara juyawa, madubai suka zama taurari, muryoyin teku suka matso har kamar a cikin ɗakin suke. Ta ce wa aljanin ya taya ta, ya ce aljan ba shi da numfashin da ke tayar da wuta. Sai ta kwantar da kumatunta a ƙasa, ta yi wa garwashin magana da muryar da ba wanda ya taɓa jin ta da ita a Tungar Dambo.

"Haba 'yar gidanmu. Ruwa ya ci gari ba ki mutu ba, sai yau a gaban baƙo za ki kunyata ni? Tashi mana. Tashi, ga itacen Malam maigidana na kawo miki."

Ta tattara abin da ya rage a ƙirjinta ta hura. Itace ya yi ƙas. Wani hayaƙi mai kauri ya murɗa ya tashi, sai harshe ja ya biyo shi, a tasa da kasko lokaci guda. Madubai suka cafe shi suka wurga cikin teku, ya tsaga tururin nan kamar an keta farin ƙyalle. Can ƙasa jirage suka bayyana, hancinsu ya kusa taɓa dutse. Aka ji ihu, aka ga filafilai sun juya gaba ɗaya, suka kauce suka bi hasken zuwa inda ruwa ke kwance.

Zarƙamu ya buɗe ido. Ya dubi tasa, ya dubi kasko, ya sake duban tasa. Ya ce da ƙaramar murya, "Ba ta mutu ba. Haihuwa ta yi."

"Kullum haihuwa take, kai ne dai ba ka tambaya." Gwamma ta zauna tana busa yatsunta da suka ƙone. "Babbar na bar muku, kuma ba don kai ba. Itacen da teku ke turowa za ka riƙa ba ta, busasshe. Ba ka da numfashi, ai kana da hannun riga, fifita ta. In tururi ya janye ka rufe ta da toka ta huta. Ka sake ba ta turare, sai na dawo."

"Na ji, na karɓa. Faɗi ladanki, ya uwar gida. Akwai lu'ulu'u a ƙarƙashin dutsen nan da zai..."

"Lu'ulu'u zai wanke mini suna? A gaban mutane aka ce mini mayya, a gaban mutane za ka faɗi abin da ka yi. Tashi mu je. Ka karya mini filafili, kai za ka ɗauke ni."

Ya ɗora ta a kafaɗa, ita da kwalekwalenta da kaskonta. Inuwoyin masu tsaro suka miƙe tsaye a kan matakala har ta wuce. Ya taka teku, ya taka daji, ta ga tsibirin masu barci ya wuce ƙarƙashinta kamar ganye a ruwa, iska mai ɗumi na kaɗa mata ɗankwali.

Ranar kasuwa ce a Tungar Dambo, hantsi ya dubi ludayi, kasuwa ta cika maƙil. Sai ga inuwa ta rufe rumfuna. Jama'a suka ɗaga kai suka ga gemu mai wuri yana saukowa daga sama, da Gwamma zaune a kafaɗa tana rungume da kasko mai hayaƙi. Kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa kasuwa ta watse. Mai nama ya bar namansa, mai goro ya faɗa kogi, Sarkin Ruwa Gado ya shige ƙarƙashin wani kifaffen jirgi ya bar takalmi a waje.

Zarƙamu ya duba hagu da dama, ya ce, "Ya uwar gida, babu kowa."

"Suna nan. Ga ƙafar Lantana can ta leƙo daga cikin kwanduna. Faɗi."

Ya buɗe murya, sai da ganye ya zubo daga itatuwa. "Ya ku mutanen wannan tunga! Ni Zarƙamu na Hancin Ƙasa, ni na ɗauke wutar Gwamma bisa jahilcina. Ba ta ci wutar kowa ba. Laifin nawa ne, ita kuwa da hannunta ta ceci rayukan da ba ta san su ba!"

Gwamma ta ce, "Maimaita. Lantana kunnenta da nauyi in ba gulma ake ba."

Ya maimaita. Daga cikin kwanduna wata murya ta fito, "Mun ji, Yaya Gwamma, wallahi mun ji! Ki ce ya tafi!"

"Yau kuma ni ce Yaya?" Ta sauko, ta gyara ɗaurin zane, ta dubi aljanin sama da ƙasa. "Je ka, kada ka bar ta ita kaɗai, yarinya ce. Yafiya kuwa, sai na yi shawara."

Ya rusuna har gemunsa ya share ƙasa, ya ɓace.

Gwamma ta ratsa kasuwa a hankali, ba wanda ya fito. Ta shiga gida ta juye kaskon tsakanin duwatsun murhu. Wuta ta yi ɗan jim kamar mai tuna wuri, sannan ta kama, ta zauna daram. Tsohuwa ta ɗora ruwa, ta miƙe ƙafafu ta kara tafinsu kusa da duwatsun. Kafin ruwan ya tafasa barci ya ɗauke ta, da rana tsaka, bakinta a buɗe, ɗumi na hawa gwiwoyinta.

Ƙurunƙus, a rufe ta da toka.